Lahira da Iyakar Harshe

Akwai wata tambaya wadda ba a cika yi wa masu nazarin harshe ba, ko da yake ta shafe su fiye da yadda ake zato. Tambayar kuwa ita ce, da waɗanne kalmomi ne ɗan Adam yake magana a kan wurin da bai taɓa zuwa ba, kuma babu wanda ya je ya komo ya ba shi labari? Malamin tauhidi yana da abin da zai faɗa game da tabbatar lahira, likita kuma yana da nasa game da abin da yake faruwa ga jiki lokacin fitar rai. Abin da za a duba a nan ya fi waɗannan ƙanƙanta, watau kalmomin kansu: inda Hausa ta samo su, irin nauyin da suke iya ɗauka, da kuma wurin da suke gajiya su tsaya.

Yadda ake sa wa baƙon abu suna

Harshe ba ya ƙirƙiro suna daga iska. Duk lokacin da wani baƙon abu ya zo wa jama'a, sai su waiwaya cikin abin da suka riga suka sani su ɗauko wanda ya fi kusa da shi. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, Hausawa ba su da abin hawa mai ɗaukar jama'a da kaya masu yawa a cikinsa sai jirgin da ake haye kogi da shi, don haka suka ce jirgin ƙasa. Da wani ya sauko daga sama a Kano a 1925, suka ce jirgin sama. Haka nan abin da yake zuba fari fat a ƙasashen sanyi, wanda yawancin Hausawa ba su taɓa taka shi ba, aka haɗa dusa da ƙanƙara aka yi masa suna. Dusar ƙanƙara ba dusa ba ce, tunkiya ba za ta ci ba, amma sunan ya ba da laushi da warwatsuwa daga dusa, ya ba da sanyi da fari daga ƙanƙara, kuma wanda ya ji shi ya sami wani abu da zai riƙe a zuci.

Sai dai a duk waɗannan misalai akwai ranar gyara. Ɗalibin da ya tafi karatu Ingila ko Rasha zai wayi gari wata rana ya ga dusar ƙanƙara da idonsa, ya damƙe ta a hannu, ya gane inda sunan ya dace da inda ya kauce. Gani ya kori ji. To, maganar lahira ita ce wurin da wannan karin magana ba ya aiki ga mai rai, domin jin yana nan, ganin da zai kore shi kuwa sai bayan an rufe baki. Wannan shi ne tushen matsalar baki ɗaya.

Kalmomin da Hausa take da su

Idan aka tattara kalmomin Hausa na wannan fage za a ga sun rabu ta wata hanya mai ban sha'awa. Yawancin abin da ido yake gani yana da suna na asalin Hausa: mutuwa, gawa, makara, kushewa, makoki. Abin da yake bayan kushewa kuwa kusan dukkansa aro ne daga Larabci: lahira, barzahu, alƙiyama, hisabi, mizani, siraɗi, Aljanna, Jahannama. Wuta ce kaɗai babbar kalma ta gida da ta haye zuwa can, ita ma fassarar kalmar Larabci ce. Kalmar lahira tana cikin aron da ya daɗe har ya narke, domin harafin ma'arifa na Larabci ya manne a jikinta kamar yadda ya manne a littafi, da labari, da liman, da lokaci, da likkafani. Wani lokaci ma narkewar takan wuce haka. Mala'ikun tambayar kabari sunansu Munkar da Nakir, amma da yake a Larabci ana haɗa sunayen biyu da “wa”, sai kunnen Bahaushe ya ɗauki wannan “wa” ɗin a matsayin farkon suna na biyu, aka sami Walakiri, wanda yara suka fi sani da kulkinsa.

Abin lura shi ne, kalmomin Larabcin su kansu ba su bayyana komai game da yadda wurin yake ba. Asalin ma'anar lahira ita ce “ta ƙarshe”, kamar yadda asalin ma'anar duniya ita ce “ta kusa”. Sunaye ne na jeri, irin wanda ake yi wa 'ya'ya a ce babba da auta. Barzahu shamaki ne tsakanin abu biyu, kuma a wurare uku da kalmar ta zo a Alƙur'ani, biyu daga ciki (Suratul Furƙan, aya ta 53, da Suratur Rahman, aya ta 20) suna magana ne a kan shamakin da ke tsakanin ruwa biyu, guda ɗaya ce kawai (Suratul Mu'minun, aya ta 100) ta shafi matattu. Mizani abin awo ne na kasuwa. Siraɗi hanya ce. Aljanna lambu ne, kuma saiwar kalmar a Larabci tana nufin rufewa da ɓoyewa, ita ce saiwar da ta ba da sunan aljani, wanda ido ba ya gani, da sunan ɗan tayi, wanda ciki ya ɓoye. Shi ya sa a Hausa babu abin da ya raba Aljanna da aljana sai nanata harafi guda, kuma ɗalibai da yawa sun sha jan biro a kan wannan.

Game da abin da yake fita daga jiki ma Hausa tana da kalmomi uku waɗanda ba su zauna daidai a kan juna ba. Rai shi ne abin da ya raba mai motsi da gawa. Kurwa tsohuwar kalma ce, kuma a fahimtar gargajiya ita ce abin da maye yake kamawa alhali mai ita yana numfashi, watau tana iya barin jiki ba a mutu ba. Ruhi kuwa aro ne wanda ya zo tare da littattafai. Mai tafsiri a watan azumi dole ya zaɓi ɗaya daga cikinsu idan ya iso kan aya ta 42 ta Suratuz Zumar, wadda ta haɗa karɓar rayuka a mutuwa da karɓarsu a barci, kuma kowace ya zaɓa za ta jawo wata inuwa da ba ta cikin Larabcin. Ba a banza ba ne Alhaji Abubakar Mahmud Gumi ya kira aikinsa da aka buga a 1979 tarjamar ma'anonin Alƙur'ani, bai ce tarjamar Alƙur'ani ba.

Kalmomin sakaye na mutuwa su ma suna tsayawa ne a bakin ƙofa. Rasuwa daga rasa take, watau magana ce daga ɓangaren waɗanda aka bari. Cikawa tana nufin kwanaki sun ƙare daidai adadinsu. Marigayi daga riga yake, bai faɗi komai ba illa cewa wannan ya yi gaba. Ana ce wa annabawa da waliyyai sun faku ko sun yi wafati, ana ce wa wanda ba a damu da shi ba ya ce ga garinku nan, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta leƙa ta ga abin da ya tarar.

Abin da nassi ya faɗa game da kansa

Wani zai iya zaton cewa masu ilmin zamani ne suka gano wannan gajiyawa ta harshe. Ba haka ba ne. Littafin da ya fi kowane siffanta lahira shi ne ya fara gargaɗi game da siffantawar. A wurare biyu, Suratur Ra'ad aya ta 35 da Suratu Muhammad aya ta 15, bayanin Aljanna ya soma ne da kalmar da Hausa ta ara ta mai da ita “misali”. Aya ta 17 ta Suratus Sajda ta kore wa kowane rai sanin abin da aka ɓoye masa na sakamako. Hadisin ƙudusi wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya toshe ƙofofin sani guda uku game da wannan tanadi, ƙofar ido, da ta kunne, da ta tunanin zuciya, waɗanda su ne kuwa ƙofofin da kowace kalma take shigowa ta cikinsu. Kuma malaman tafsiri sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa abin da ya haɗa kayan Aljanna da na duniya suna ne kurum. Ke nan idan an ce inabi, ko zuma, ko inuwa, sunan gaskiya ne, amma abin da ke zuwa a zuciyar mai sauraro inabin kasuwa ne.

Idan aka duba yadda ake gina jimlolin siffanta lahira, a Larabci ko a bakin mai wa'azi da Hausa, za a tarar da ƙananan kalmomi ne suke ɗauke da kayan. Akwai “kamar”, wadda take jingina abin da ba a sani ba ga wanda aka sani. Akwai “babu”, wadda take share abin da aka sani na wahala: babu gajiya, babu tsufa, babu ƙiyayya, babu mutuwa. Wannan ta fi sauƙin amincewa, domin wanda ya ce babu gajiya bai yi da'awar ya san abin da ya maye gurbinta ba. Amma wadda ta fi aiki ita ce “fi”. Ruwan Alkausara ya fi nono fari, ya fi zuma zaƙi. Siraɗi ya fi gashi siranta, ya fi takobi kaifi. Wutar duniya kashi ɗaya ce cikin saba'in na waccan. Aikatau ɗin “fi” yana nuna wa mutum inda zai fuskanta, ba ya gaya masa nisan tafiyar. Idan aka ce wa yaro Kano ta fi ƙauyensu girma an faɗi gaskiya, amma har yanzu ƙauyensu yake gani a zuci, an ɗan buɗa shi kaɗan.

A nan ne manyan malamai suka yi sabani mai zafi. Ibn Sina (980 zuwa 1037) ya ɗauka cewa lambuna da ƙoramu da sarƙoƙi misalai ne da aka buga domin jama'ar da ba za su iya fahimtar daɗi ko azabar da ta shafi ruhi tsantsa ba. Imamu Gazali (1058 zuwa 1111) ya ƙi wannan ƙwarai, har ya sa musun tashin jiki cikin mas'aloli uku da ya kafirta masu falsafa a kansu a littafinsa Tahafutul Falasifa. Amma Gazalin nan bai ce siffar da aka faɗa ta ƙure abin da ke can ba. Matsayinsa shi ne a gaskata labarin yadda ya zo, a kuma san cewa hankalin mai rai bai kewaye shi ba. Wannan kuwa tsohuwar hanya ce a mazhabar da ƙasar Hausa take bi, domin Imamu Malik, da aka tambaye shi game da daidaituwar Ubangiji bisa Al'arshi, ya raba tsakanin ma'anar kalmar, wadda aka sani, da yadda abin yake, wanda ba a sani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan (ya rasu a 996), wadda almajiran zaure suke karantawa tun suna samari, ta jera tambayar kabari da mizani da siraɗi da tafki a babinta na aƙida cikin gajerun jimloli, ba ta tsaya zana su ba.

Mawaƙan wa'azi

Waɗanda suka tsaya zanawa su ne mawaƙa. Littattafai irin su Tazkira ta Ƙurɗubi (ya rasu a 1273) da Sharhus Sudur na Suyuɗi (ya rasu a 1505, shi ne kuma wanda ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha) sun tattara ruwayoyi masu yawa game da halin kabari da tsayuwar alƙiyama, amma da Larabci suke, manomi da matar kulle ba su da hanyar kai wa gare su. Masu jihadi na ƙarni na 19 su ne suka ɗauki wannan kaya suka zuba shi cikin waƙar Fulatanci da Hausa, har wa'azi ya zama ɗaya daga cikin manyan jigogin rubutacciyar waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta yi waƙa a kan alamomin alƙiyama, kuma jajis ɗinta suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ga matan ƙauyuka. Da C. H. Robinson ya buga samfurin adabin Hausa a Ingila a 1896, yawancin abin da ya samu ya buga waƙoƙin wa'azi ne.

Dabarar mawaƙan ita ce su ɗauko abin tsoro ko abin marmari daga ƙofar gidan mai sauraro. Sunan waƙar nan Baƙin Mari, wadda ake dangantawa ga Muhammadu Tukur, ya isa misali. Mari ƙarfe ne da ake sa wa ɗan sarƙa ko mahaukaci a ƙafa, kowa ya taɓa jin ƙararsa a hanya, saboda haka ba sai an yi wa kowa sharhi ba. Hausa kuma tana da wani makami da ya dace da wannan aiki, watau kalmomin amsa-kama, irin su ja wur, baƙi ƙirin, fari fat, waɗanda ba su bayyana abu sai dai su sa jiki ya ji shi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, ya makance tun yana ƙarami, amma ya yi wa masu ido wa'azin duniya da mutuwa har suka haddace. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa game da lahira mai ido da makaho duk a layi ɗaya suke, kowa da ji yake aiki.

Kuskure ne a auna waɗannan waƙoƙi da ma'aunin taswira. Wanda ya yi karatun boko yakan ji zancen kulkin Walakiri ya yi murmushi, yana ganin tatsuniya ce ta tsorata yara, daga nan kuma sai ya zubar da abin da hoton yake nuni gare shi tare da hoton. A ɗaya gefen akwai mai wa'azin da yake ba da tsawo da faɗin kowane kwari na wuta kamar jiya ya dawo daga can. Su biyun nan sun yi tarayya cikin zato guda, cewa kalma hoto ce na abin da ta ambata, ɗaya ya ga hoton bai yi masa ba ya ƙi, ɗaya ya karɓa ya ƙara masa launi. Mawaƙan jihadi kuwa manufarsu a fili take. Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa wajen 1831, ba ta damu da siffar wuta ba kamar yadda ta damu da wanda zai shige ta, kuma waɗanda ta fi yi wa kashedi su ne masu riƙe da mulki da shari'a idan suka ci dukiyar talakawa. Ma'aikacin gwamnati da ya saurare ta zai ga ba a bar shi cikin duhu game da komai da ya shafe shi ba.

Ɗanɗano

Akwai wasu mutane waɗanda matsalarsu ta bambanta da ta mai wa'azi. Mai wa'azi yana faɗin abin da bai gani ba da kalmomin da ya gada. Sufi kuwa yana cewa ya sami wani hali a cikin kansa, tun yana raye, amma ya rasa kalmar da zai zuba shi a ciki. Sufaye suna kiran wannan sani zauƙi, watau ɗanɗano. A Hausar yau kalmar ta karkata zuwa ɗoki da shauƙin da ke kama mutum a wurin zikiri, amma asalinta harshen da ke cikin baki take nufi. A gwada bayyana wa baƙon da bai taɓa cin goro ba yadda goro yake. Za a ce yana da ɗaci, yana da bauri, kuma idan an sha ruwa a bayansa sai ruwan ya yi zaƙi. Duk gaskiya ne, baƙon zai iya rubuta shi ya ci jarrabawa, amma tsohuwar da take tauna shi kullum, ko da ba za ta iya jera jimla biyu a kansa ba, ta fi shi sani. Jiki magayi.

Tarihin Gazali kansa ya nuna wannan ta hanya mai ban tausayi. A 1095 yana shugaban malamai a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa, sai harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya daina karɓarsa. Ya bar mukaminsa ya fita, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai a 1106. A littafinsa Almunƙizu minad Dalal ya bayyana cewa ya karanta duk abin da sufaye suka rubuta, ya gane cewa saura abin da karatu ba ya bayarwa. Ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya kai wani matsayi sa'an nan ya yi ƙoƙarin faɗarsa, lalle lafazinsa zai ƙunshi kuskure bayyananne, sai a ji kamar yana cewa Ubangiji ya sauka cikinsa ko sun zama ɗaya. Mansur Hallaju, wanda aka kashe a Bagadaza a 922 bayan shekaru a kurkuku, shi ne sanannen misali, ko da yake siyasar fada ma tana da hannu a shari'arsa. Ba Musulmi kaɗai suka san wannan ba. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, sura ta 12, ya ba da labarin wanda aka ɗauka zuwa sama ta uku, kuma abin da ya iya kawowa daga can shi ne cewa abin da aka ji ba ya faɗuwa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya bar ɗan taƙaitaccen bayani game da nasa halin a cikin littafin wuridinsa. Ya ce yana da shekara 36 aka yaye masa lulluɓi daga gabobinsa, kuma da zai bayyana abin sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, yana nuna kowane ya ƙaru fiye da yadda aka saba. Ga “fi” ɗin nan ta sake dawowa. Ko wanda aka buɗe masa, in zai yi wa mutane magana, da tsofaffin ƙofofin nan biyar zai yi.

Wannan al'amari ya taɓa zaman lafiyar garuruwa. Tarbiyyar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha (1900 zuwa 1975) ta bazu a Kano da sauran birane bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji na 1937, kuma kalmomi irin su fana'i da ma'arifa, waɗanda dā sai a tsakanin shehi da muridinsa, suka fito fili. Gumi ya buga Al'aƙidatus Sahiha a 1972, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, aka yi shekaru ana jayayya wadda ta raba masallatai da zuri'a. Jayayyar tana da tushe na aƙida wanda ba za a raina ba. Amma wani kaso nata na harshe ne, domin jimlar da aka furta cikin hali, idan aka ɗauke ta a kaset aka sa a tasha, mai ji zai auna ta da nahawun ciniki, mai kare ta kuma zai ce ba haka ake nufi ba, alhali shi ma ba shi da wata jimlar da zai musanya ta da ita.

Labarin asibiti

Turawa sun iso wannan wuri ta wata hanya dabam. William James na Amurka, a laccocinsa da aka buga a 1902, ya sa rashin faɗuwa a matsayin alama ta farko ta halin sufanci, ya kuma kafa hujja da dogon yanki daga Almunƙizu na Gazali. Bayan da likitoci suka iya tayar da zuciyar da ta tsaya, sai aka fara samun mutane masu ba da labarin abin da suka gani a tsakani. Raymond Moody ya tattara labarai wajen 150 a littafinsa na 1975, kuma abu na farko da ya lissafa cikin abubuwan da suka yi tarayya a kai shi ne kukan da suke yi cewa babu kalmomi. A 2001 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken Pim van Lommel a asibitoci 10 na ƙasar Holan: cikin mutum 344 da aka farfaɗo da su bayan tsayawar zuciya, 62 sun ba da irin wannan labari, na haske, da natsuwa, da ganin jikinsu daga sama. Wani babban bincike da Sam Parnia ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya ɗora hotuna a kan kantoci kusa da rufin ɗaki, inda sai mai kallo daga sama zai gan su. Ba a sami wanda ya faɗi hoton ba, ko da yake yawancin tsayawar zuciyar ta faru ne a ɗakunan da babu kantocin.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne binciken Satwant Pasricha da Ian Stevenson na 1986 a kan mutum 16 a Indiya. Waɗannan ba su cika ambaton dogon rami mai haske a ƙarshensa ba, irin na Amurkawa. Abin da suka fi faɗa shi ne manzanni sun zo sun tafi da su gaban wani mai riƙe da littafi, aka duba aka ga an yi kuskuren suna, aka ce a mayar da su. Kowa dai ya dawo da labari cikin kayan garinsu. Steven Katz ya yi hujja a 1978 cewa al'ada da harshe ba su jira sai an gama ganin abu sa'an nan su fassara shi, suna cikin ganin tun farko. Ko an yarda da shi har ƙarshe ko ba a yarda ba, waɗannan mutane ba su mutu ba. Hausa tana da sunan abin da ya same su tun kafin a ƙera injin tayar da zuciya, doguwar suma. Wanda ya tsaya a zaure ya juyo yana iya faɗin abin da ya gani a zauren da gaskiya, amma ba a karɓar shaidarsa game da cikin gida.

Nahawun ta'aziyya

Wurin da ya fi dacewa a ga yadda Hausa ta zauna da wannan iyaka shi ne tabarmar makoki. A saurari abin da ake faɗa a can: Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa ya huta, Allah ya kai haske kabarinsa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. Babu jimla ɗaya a cikinsu da take ba da labari. Wakilin sunan nan “ya” iri biyu ne a baki. Idan aka ja wasalinsa aka ɗaga karin sauti, shuɗaɗɗen lokaci ne, ana nufin abin ya riga ya faru. Idan aka gajarta wasalin aka sauke karin, roƙo ne. Mai ta'aziyya na biyun yake amfani da shi, kuma da zai kuskure ya ja wasalin a cikin “Allah ya gafarta masa”, da mutanen da ke zaune sun ɗago kai sun dube shi, domin ya faɗi abin da ba shi da hanyar sani.

Wannan ɗabi'a ta harshe ta yi daidai da ƙa'idar malaman Sunna, cewa ba a yanke wa wani mutum takamaimai Aljanna ko wuta sai wanda nassi ya ambata, kamar sahabban nan goma da aka yi wa bushara. Buhari ya ruwaito cewa da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, wata mata daga mutanen Madina, Ummul Ala, ta yi shaidar cewa Allah ya girmama shi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, sa'an nan shi da kansa ya tsaya a kan fatan alheri ga mamacin. Buharin ya kuma keɓe babi guda a kan hana cewa wane shahidi ne. Inda ake jin wannan nahawu ya karye shi ne lokacin rikici, sa'ad da kowane ɓangare yake shelar cewa nasa mamacin yana Aljanna, na abokin gaba kuma yana wuta, da jimlar labari, ba da ta roƙo ba.

Rubutun ajami yakan nuna tsawon wasali, saboda haka yana iya raba “ya” ɗin nan biyu a kan takarda. Rubutun boko ba ya nuna tsawo, ba ya kuma nuna karin sauti, don haka a sanarwar rasuwa da aka buga a jarida roƙo da labari kamanninsu ɗaya. Mai karanta sanarwar a rediyo shi ne zai zaɓa, kuma ba sai an koya masa wanda zai ɗauka ba.